Layin tsakiyar kati: yadda ake gane nau'o'in katunan Magic da hukuncin kowanne

"Malam, barka da aiki. Ban daɗe da fara buga Magic: The Gathering ba, kuma abubuwa uku sun ɗaure mini kai a zama ɗaya. Abokin wasana ya lalata mini Ornithopter da katin Naturalize, alhali Naturalize bai ambaci halitta ba. Da na so in soke nasa Ornithopter ɗin da Negate, sai ya ce ba ya halatta, wai halitta ce. To yaya abu ɗaya zai zama halitta idan ni zan taɓa shi, ya ƙi zama halitta idan shi zai taɓa? Na uku, na yi amfani da Evolving Wilds don in nemo Breeding Pool, ya ce sam, ga shi kuwa an rubuta Forest ɓaro-ɓaro a jikin katin. Shin wayo yake mini, ko akwai ƙa'idar da ban sani ba?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka game da abokinka, bai yi maka wayo ba, a duka ukun shi ke da gaskiya. Tambayoyin naka kuma, ko da yake uku ne a ido, tushensu ɗaya: kana son sanin yadda wasan yake tantance mene ne kati, da kuma wace kalma ce a jikinsa take da hukunci. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin a nan ne yawancin sababbin 'yan wasa suke tuntuɓe, wasu ma har su yi fushi su ajiye wasan, alhali da an zaunar da su an warware musu wannan layi guda da sauran ya zo da sauƙi.

Bari in fara da dalilin da ya sa aka yi rabe-raben tun asali. Richard Garfield ne ya ƙirƙiro wasan, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993, kuma daga lokacin zuwa yau an buga katuna mabambanta fiye da 20,000. Ba zai yiwu katin da aka buga a 1994 ya lissafa sunayen duk katunan da zai iya shafa ba, tunda yawancinsu ba a ma ƙirƙire su ba a lokacin. Mafita ita ce kowane kati ya ɗauki wasu kalmomi da ke nuna rukuninsa, sauran katuna su riƙa magana da rukunin maimakon sunan. Naturalize bai san Ornithopter ba, kalmar Artifact ya sani. Duk katin da yake ɗauke da wannan kalma a inda ya kamata, ya shiga hannunsa. Hoton da ke jikin kati, da sunansa, da ɗan labarin da ake rubutawa a karkace a ƙasansa, ba su da wani hukunci a nan. Hukuncin yana kan siririn layin da ke tsakanin hoto da akwatin bayani.

Sassa uku na layin

Ɗauki kowane kati ka dubi layin. Sau da yawa za ka ga doguwar karan ɗori ta raba shi biyu. Abin da ke hagu da ita kashi biyu ne: nau'in kati, da kuma laƙabi idan yana da shi, laƙabin ne ke zuwa farko. Abin da ke dama da ita shi ne reshe. Katin Forest na yau da kullum an rubuta masa "Basic Land — Forest". Basic laƙabi ne, Land nau'i ne, Forest reshe ne. Kalmomi uku, kowace da aikinta, kuma samun ɗaya ba ya jawo samun ɗayar. Ka riƙe wannan, domin amsar tambayarka ta uku tana cikinsa.

Nau'o'in da za ka riƙa haɗuwa da su a wasa na yau da kullum su ne ƙasa, wadda aka rubuta Land. Halitta, wato Creature. Kayan ƙira, wato Artifact. Asiri, wato Enchantment. Sai Instant, da nake kira nan-take, da Sorcery, da nake kira sihiri. Waɗannan shida su ne tsofaffi. A 2007 aka ƙaro Planeswalker, mai ratsa duniyoyi, a cikin jerin Lorwyn, a shekarar ne kuma aka shigo da Tribal, wanda yanzu aka sauya wa suna zuwa Kindred, zan dawo kansa. A 2023 jerin March of the Machine ya kawo Battle, katin yaƙi. Akwai wasu nau'o'in kamar Plane da Scheme da Conspiracy, amma na wasu salon wasa ne na musamman, ba sa shiga ƙunshin katinka na yau da kullum, wato tarin katunan da kake wasa da su, ka bar su tukuna.

Nau'i yana yanke hukunci biyu kafin ma ka karanta bayanin katin: yaushe za ka iya buga shi, kuma ina zai je bayan ka buga. Nan-take kana iya jefa shi duk lokacin da damar motsi take hannunka, ko a zagayen abokin hamayya, ko a tsakiyar arangama. Duk sauran, sihiri da halitta da kayan ƙira da asiri da mai ratsa duniyoyi da katin yaƙi, sai a zagayenka, a babban zango, kuma lokacin da babu wani abu da ke jiran warwarewa. Sai dai idan katin yana da baiwar Flash, wadda ke ba shi damar shigowa a lokacin nan-take ba tare da ta sauya nau'insa ba. Ƙasa ita daban take: guda ɗaya a kowane zagaye, kuma ajiye ta ake yi, ba a jefa ta, don haka babu mai iya soke ta. Game da inda kati zai je, nan-take da sihiri suna yin aikinsu su wuce maƙabarta, wurin da ake ajiye katunan da suka gama aiki ko aka lalata. Sauran suna sauka a fage su zauna, shi ya sa ake kiransu zaunannu, kalmar da za ka gani a katuna ita ce permanent. Zaunanne ba nau'i ba ne, ba za ka taɓa ganin kalmar a layin tsakiya ba. Suna ne na duk abin da ke kan fage.

Batun Ornithopter

Layin Ornithopter ya ce "Artifact Creature — Thopter". Nau'i biyu ne a kati ɗaya, kuma yana ɗauke da su duka biyu a cike, a kowane lokaci. Ba rabi kayan ƙira rabi halitta ba ne, kuma mai shi ba ya zaɓar wanda zai zama. Duk dokar da ta shafi halitta ta shafe shi, duk wadda ta shafi kayan ƙira ta shafe shi.

Yanzu dubi yadda aka rubuta katunan biyu da suka rikita ka. Naturalize ya ce a lalata kayan ƙira ko asiri. Tambayar da yake yi ita ce: akwai kalmar Artifact ko Enchantment a jikinka? Ornithopter yana da ta farko, shi ke nan, zancen kasancewarsa halitta bai ma taso ba. Negate kuwa ya ce a soke jifar da take noncreature, jifa kuwa ita ce katin da aka jefa bai kai ga sauka ba. Wannan ɗan "non" da ke gaba yana juya tambayar: akwai kalmar Creature a jikinka? In akwai, ka fita daga hannuna, ko da wace kalma ce take tare da ita. Saboda haka Ornithopter halitta ce a duka lokutan biyu, abin da ya bambanta shi ne katin farko yana neman samuwar wata kalma, na biyu yana neman rashin wata. Da Essence Scatter ke hannunka, mai soke jifar halitta, ko Annul, mai soke jifar kayan ƙira ko asiri, da kowannensu ya yi maka aikin.

Akwai darasin gina ƙunshi a nan da nake yawan nanata wa waɗanda nake koyarwa. Kati mai nau'i biyu yana cin moriyar gida biyu, yana kuma shan dukan gida biyu. Idan ƙunshinka yana ba da lada kan yawan kayan ƙira, Ornithopter riba ce. Idan ba haka ba, ka dai ƙara wa abokin hamayya hanyoyin kashe maka halitta ne kawai.

Ina katin yake a lokacin?

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so ka dage a kansa, don ko waɗanda suka daɗe suna wasa yana kayar da su. Kati ɗaya yana sauya sunan da dokoki ke kiransa da shi gwargwadon wurin da yake. A hannunka, ko a taskar da kake zara daga ciki, ko a maƙabarta, sunansa kati. Idan ka jefa shi, yana hawa wani wuri da ake kira stack, ni ina ce masa tsibi, inda abubuwa ke jiran warwarewa, na ƙarshen hawa shi ne na farkon sauka. A can sunansa jifa, wato spell. Idan ya sauka a fage, ya zama zaunanne. Kundin cikakkun dokokin wasan ya fayyace cewa idan kati ya ambaci nau'i kawai, bai haɗa da kalmar card ko spell ba, bai kuma ambaci wani wuri ba, to abin da ke kan fage yake nufi. Don haka "creature" halitta ce a fage, "creature spell" halitta ce a kan tsibi, "creature card" halitta ce a hannu ko taska ko maƙabarta. Wrath of God, mai lalata dukkan halittu, ba ya taɓa na hannunka. Essence Scatter ba shi da abin yi da halittar da ta riga ta sauka. Raise Dead, mai dawo da katin halitta daga maƙabarta zuwa hannu, ba ya kallon fage. Ka lura kuma cewa kalmar jifa ba ta tsaya ga nan-take da sihiri ba; halitta ma jifa ce muddin tana kan tsibi, abin da mutane da yawa ba sa tsammani.

Inda abin yake ƙara daɗi shi ne katunan da nau'insu ke sauyawa a fage. Ɗauki Thassa, God of the Sea, daga jerin Theros na 2013. Layinta ya ce "Legendary Enchantment Creature — God", amma bayaninta ya ce muddin alamomin shuɗin makamashi, wato mana da ake biyan farashin kati da shi, da ke cikin farashin zaunannunka ba su kai 5 ba, ita ba halitta ba ce. Wannan sharaɗi a fage kaɗai yake aiki. A kan tsibi jifar halitta ce cikakkiya, Negate ba ya kama ta, Essence Scatter yana kama ta, ko da za ta sauka a matsayin asiri zalla. A maƙabarta katin halitta ce, Raise Dead zai dawo da ita. Kuma idan ta daina zama halitta a fage, reshen God ma yana faɗuwa tare da nau'in, domin reshe a jikin nau'insa yake rataye.

Smuggler's Copter, daga jerin Kaladesh na 2016 da ya kawo ababen hawa, kishiyarta ne. An buga masa ƙarfi da juriya 3/3 a kusurwa, abin da ke sa sabon ɗan wasa ya ɗauka halitta ce, amma layinsa "Artifact — Vehicle" ne. A kan tsibi Negate yana soke shi. A maƙabarta Raise Dead ba ya ganinsa. A fage sai ka kwantar da wata halitta, wato ka juya katinta a gicciye, ta tuƙa shi sannan ya zama halitta, zuwa ƙarshen zagayen kawai. Wannan ne ya sa ababen hawa ke tsira daga Wrath of God: shi sihiri ne, a zagayen mai shi ake jefa shi, lokacin da jirgin naka yake zaune a matsayin kayan ƙira.

Sai Dryad Arbor, katin da na fi amfani da shi wajen gwada fahimtar ɗalibi. Layinsa "Land Creature — Forest Dryad". Tunda ƙasa ne, ajiye shi ake yi, yana cinye damar ajiye ƙasa ta zagayen, ba ya hawa tsibi, babu mai soke shi. Tunda halitta ce, dokar gajiyar sauka ta kama shi, wadda ta hana halittar da ta shigo yanzu kai hari ko yin aikin da ke buƙatar a kwantar da ita, don haka ba zai ba ka makamashi a zagayen da ya shigo ba. Lightning Bolt kuma yana kashe shi, ka rasa ƙasa guda. Wanda ya iya bayyana dalilin kowane ɗaya daga waɗannan ya fahimci tsarin.

Abu biyu a taƙaice kafin in wuce. Tokin, wato halittar ko abin da wani kati ya samar ba tare da kati na gaske ba, zaunanne ne amma ba kati ba ne, yana barin fage yake ɓacewa. Katunan Adventure kuma, irin Bonecrusher Giant na jerin Throne of Eldraine na 2019, suna da ƙaramin nan-take ko sihiri a gefe, amma a hannu da maƙabarta babban ɓangaren kawai ake gani, shi Bonecrusher Giant halitta ce kawai. Ɓangaren gefen yana wanzuwa ne lokacin da aka jefa shi a haka.

Forest da ƙasar tushe

Yanzu tambayarka ta uku. Layin Breeding Pool ya ce "Land — Forest Island". Yana da rassa biyu, Forest da Island, amma ba shi da laƙabin Basic. Evolving Wilds kuwa cewa ya yi ka nemo "basic land card", wato katin ƙasar tushe mai laƙabin Basic, laƙabin yake nema, bai damu da reshe ba. Shi ya sa bai iya ɗauko shi ba. Misty Rainforest ya ce ka nemo katin Forest ko Island, reshe yake nema, don haka yana ɗauko Breeding Pool ba tare da wata matsala ba. Irin wannan bambancin yana tsakanin Rampant Growth da Nature's Lore, dukansu sihiri ne kore masu cin makamashi 2: na farko ƙasar tushe yake nema, na biyu duk katin da ke da reshen Forest, har da Dryad Arbor. In kana son ƙunshinka ya riƙa kawo maka Breeding Pool, irin waɗannan na biyun za ka saka.

Abin da ke jawo ruɗanin shi ne katin Forest na tushe sunansa da reshensa kalma ɗaya ce, sai ido ya saba ɗaukar su abu guda. Amma ana iya raba su ta kowane ɓangare. Breeding Pool yana da reshe ba laƙabi. Wastes, da ya fito a 2016, yana da laƙabin Basic ba shi da reshe ko ɗaya. Evolving Wilds yana ɗauko shi, Misty Rainforest ba ya iyawa.

Kowannensu kuma da hukuncin da yake jawowa. Laƙabin Basic shi ne ke cire kati daga dokar kwafi 4: a ƙunshi mai katuna 60 ba ka wuce kwafi 4 na kati ɗaya, amma ƙasar tushe ko nawa ka ga dama. Breeding Pool yana ƙarƙashin dokar 4. Rassan ƙasa biyar kuwa, Plains da Island da Swamp da Mountain da Forest, su ne ke ba ƙasa ikon samar da makamashi, fari da shuɗi da baƙi da ja da kore bi da bi. Dokar wasa ce ta liƙa wannan iko a jikin reshen, ba sai an rubuta a kati ba. Daga nan za ka gane yadda Blood Moon yake aiki, asirin da bayaninsa gaba ɗaya bai wuce cewa ƙasashen da ba na tushe ba sun zama Mountain. Breeding Pool a ƙarƙashinsa yana rasa Forest da Island, ya koma ba da jan makamashi kawai, kuma duk da haka bai zama ƙasar tushe ba, domin reshe aka sauya masa, ba a ba shi laƙabi ba. Ɗan ƙarin bayani da ke ba mutane mamaki: katin Forest ba kore ba ne. Launi wani ma'auni ne daban da nau'i, yawanci daga farashin makamashin kati yake fitowa, ƙasa kuwa ba ta da farashi, don haka galibi ba ta da launi. Haka nan ba kowane kayan ƙira ne marar launi ba.

Sauran laƙabai da rassa

Bayan Basic, laƙabin da za ka fi gani shi ne Legendary, shahararre. Dokarsa a yau, tun sauyin 2013, ita ce idan ɗan wasa ɗaya yana riƙe da shahararrun zaunannu biyu ko fiye masu suna ɗaya, ya zaɓi guda, sauran su tafi maƙabarta. Kai da abokinka kowa na iya riƙe nasa kwafin. Wannan tafiya maƙabarta ba lalatawa ba ce a ma'anar dokoki, don haka baiwar da ke hana lalata kati ba ta ceto. Tun 2017 duk masu ratsa duniyoyi sun shiga ƙarƙashin wannan doka. A salon Commander kuma, mai katuna 100 da kwafi ɗaya-ɗaya, shahararriyar halitta ce bisa ƙa'ida take zama jagorar ƙunshi. Laƙabin Snow, na ƙanƙara, ba shi da wata doka tasa, alama ce kawai da wasu katuna ke nema. World tsohon laƙabi ne da da wuya ka ci karo da shi.

Rassa ma haka suke, wasu da doka wasu babu. Elf da Goblin da Dragon da sauran ɗaruruwan jinsunan halittu ba sa yin komai da kansu. Kasancewar halitta Dragon ba ya sa ta tashi sama sai an rubuta. Amma Aura, reshen asiri, dole ya nufi wani abu lokacin jefa shi, kuma idan abin da yake manne da shi ya tafi, shi ma ya bi shi maƙabarta. Equipment, da jerin Mirrodin ya kawo a 2003, yana zama a fage ko halittar da ke riƙe da shi ta mutu. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna maka dalilin da ƙwararru ke taka-tsantsan da Aura: kati biyu kake iya rasawa da bugu ɗaya. Saga, daga jerin Dominaria na 2018, yana tafiya babi-babi har ya ƙare a sadaukar da shi.

Na yi alkawarin dawowa kan Kindred. Dokoki sun ɗaure kowane reshe da nau'insa, jinsunan halittu na halitta ne, nan-take ba zai iya zama Goblin haka kawai ba. Da masu tsara wasan suka so yin nan-take wanda yake Goblin, sai suka ƙirƙiro nau'in da ke da izinin ɗaukar jinsunan halittu ba tare da ya zama halitta ba. Tarfire misali ne: nan-take ne mai reshen Goblin, don haka Goblin Matron, mai nemo "katin Goblin", yana ɗauko shi. A ido Kindred ya yi kama da laƙabi, amma nau'i ne cikakke, kuma bambancin yana bayyana a gaban kati irin Tarmogoyf, wanda ƙarfinsa yake daidai da yawan nau'o'in katunan da ke dukkan maƙabartu. Tarfire yana ba shi 2, Ornithopter ma 2, amma Legendary da Basic da Snow ba sa ƙara masa komai. A ra'ayina Kindred shi ne wuri mafi rashin kyan gani a duk tsarin, faci ne da aka yi don toshe wata ƙofa, sai dai facin yana riƙe da kyau, kuma na fi son sa da a ce an sassauta dokar rassa.

Tsofaffin katuna

Idan katunan da suka girme ka suka shigo hannunka, kada ka dogara da abin da aka buga a jikinsu. Llanowar Elves na farko an rubuta masa "Summon Elves", a yau "Creature — Elf Druid" ne. Counterspell ya fito a matsayin Interrupt, nau'in da aka soke a 1999 tare da Sixth Edition, bugun da ya kawo tsarin tsibi. Yanzu nan-take ne. Dark Ritual ya taɓa zama Interrupt, ya zama Mana Source, sannan ya zama nan-take. "Enchant Creature" ya koma Aura a 2005. Legend da can jinsin halitta ne, a 2004 ya zama laƙabi, a shekarar ne kuma aka cire dokar hana kai hari daga jinsin Wall aka mai da ita baiwar Defender. Abin da ake bi a hukunce shi ne rubutun Oracle, wanda kamfanin ke sabuntawa a rumbunsa na intanet mai suna Gatherer. Duk gardamar da ta tashi kan tsohon kati, can ake fara dubawa.

Yadda nake yi a tebur, da inda bayanina ya tsaya

Idan aka kira ni raba gardama, ba na fara sauraron hujjar kowa. Ina sa a karanta katin da ke yin aikin da ƙarfi, kalma-kalma, a ware kalmar da yake nema, a ga ko akwai "non" a gabanta, a ga ko akwai card ko spell a bayanta. Sannan a dubi inda katin da ake nufa yake a daidai wannan lokacin, a karanta layinsa na tsakiya, a tambaya ko akwai wani abu a fage da ya sauya shi. Mafi yawan gardama a nan take mutuwa, sau da yawa ma masu gardamar ne ke gano amsar da bakinsu kafin in ce komai. Ka haɗa da ƙa'idoji biyu na farkon kundin dokoki: idan rubutun kati ya saɓa wa dokar gama-gari, katin ake bi, idan wani abu ya ce a yi, wani ya ce ba za a iya ba, hanin ne ke rinjaye.

Abin da na kawo maka bai shiga batun haɗuwar tasirori masu yawa a kan kati ɗaya ba. Wannan yana da tsarinsa na matakai 7, inda sauyin nau'i yake mataki na 4, bayan kwafi da mallaka da sauyin rubutu, kafin launi da baiwa da ƙarfi; darasi ne mai zaman kansa, kuma a gasa alƙalin wasa ne ke da maganar ƙarshe a kansa, kiran sa kuwa ba zargin kowa ba ne. Rabe-raben ƙarancin kati da na halaccinsa a Standard ko Modern ko Pauper su ma wani fanni ne, ba sa sauya yadda kati ke aiki a fage. Kuma duk wannan na Magic ne. A Yu-Gi-Oh! manyan rukunai uku ne, Monster da Spell da Trap, kalmar Type kuma a can tana nufin jinsi irin Dragon ko Warrior. A wasan katin Pokémon tana nufin irin su wuta da ruwa. Kada ka ɗauki ma'anar wani wasa ka kai wani.

Ga wani kati da za ku gwada kanku da shi kai da abokinka: Mishra's Factory. Layinsa "Land" ne kawai, amma da makamashi 1 yana zama halitta 2/2 kuma kayan ƙira zuwa ƙarshen zagaye, yana nan a matsayin ƙasa. Ku tambayi juna yaushe Naturalize zai iya lalata shi, me zai faru idan aka tashe shi a zagayen da aka ajiye shi, nawa yake ba Tarmogoyf bayan ya mutu, kuma me ya rage masa a ƙarƙashin Blood Moon. Amsoshin su ne: sai lokacin da aka tashe shi, gajiyar sauka za ta kama shi, ba hari ba makamashi, 1 kawai, don a maƙabarta katin ƙasa ne, kuma zai zama Mountain mai ba da jan makamashi, ba shi da ikon tashi kuma.